Baƙon Sa Kai da Kasuwar Hasken Rana: Me Zai Rage wa Matan Zungur?

A watan Oktoban 2024 yawancin Arewacin Najeriya ya shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki. Tun kafin nan an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma wanda yake hawowa daga Inugu ta Makurɗi zuwa Jos ya samu matsala, komai ya tsaya cak. Bauchi tana shan wuta ne ta hannun kamfanin rarraba lantarki na Jos, don haka ita ma ta ɗanɗana. Jaridu sun yi ta lissafin asarar masana'antu da asibitoci. Wadda ba a cika lissafawa ba ita ce matar da jarinta kaf yake cikin firiza: mai ƙanƙara, mai zoɓo da kunun aya, mai ajiye kifi. Irin wannan jari kwana biyu na zafi ya ishe shi ya narke.

A ƙasar Zungur kuwa, kudu da birnin Bauchi, akwai ƙananan ƙauyuka da rugage da ɗauke wutar bai zame musu labari ba, domin da ma waya ba ta kai gare su ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar babban layi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce hayaƙin cikin gida, na itace da gawayi da kananzir, ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a 2020. Kowa ya san wadda take durƙushe gaban murhu da goyo a baya, tana hura wuta har idanu su yi ja.

Wannan giɓi ne ya haifar da wani sabon nau'in kasuwanci, shi kuma ya jawo wani sabon nau'in baƙo. Kasuwancin shi ne na kamfanonin da suke sayar da fitilar sola da murhu mai rage cin itace, amma ribar ba ta tafiya aljihun masu hannun jari, tana komawa cikin aikin ne. Ba sa raba kaya kyauta, saboda sun yi imanin abin da mutum ya saya da guminsa ya fi daɗewa a hannunsa. Grameen Shakti ta Bangaladash, wadda aka kafa a 1996, tana cikin na farko-farko. A 2010 wata Ba'amurkiya mai suna Katherine Lucey, tsohuwar ma'aikaciyar banki, ta fara Solar Sister a Uganda: a koya wa mace ciniki, a ba ta jakar fitilu, ta sayar wa 'yan uwa da maƙwabta ta ci riba. Daga baya tsarin ya shigo Najeriya da Tanzaniya, kuma ƙungiyar tana cewa matan da suka bi ta hannunta sun haura 10,000.

Baƙon kuwa shi ne matashi ko ƙwararre daga Turai, Amurka ko Ostireliya da yake zuwa aikin sa kai a irin waɗannan kamfanoni. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Pollinate, wanda wasu matasan Ostireliya suka kafa a 2012 a unguwannin marasa galihu na birnin Bangalor ta Indiya, ya kuma haɗe da Empower Generation ta Nepal a 2018. Ɗalibai da ma'aikata sukan biya kuɗi ko su tara gudummawa, su je na 'yan makonni, su zaga unguwanni tare da masu sayar da fitilu, su koma gida. Kuɗin da suka biya yana taimaka wa kamfanin, su kuma sun samu abin rubutawa a takardar neman aiki. Tambayar da ta dace mutumin Bauchi ya yi ita ce, in irin wannan baƙo ya sauka a Liman Katagum ta ƙasar Zungur gobe, me zai rage a hannun matan garin bayan ya hau jirgi?

Najeriya ba baƙuwar wannan harka ba ce. Alec Dickson, Baturen Ingilan da ya kafa ƙungiyar masu sa kai ta VSO tare da matarsa Mora a 1958, a nan ma ya gwada tunaninsa: shi ya buɗe sansanin horar da matasa na Man O' War Bay a farkon shekarun 1950, lokacin da wancan yanki na Kamaru yake haɗe da Najeriya. Sansanin duwatsun Shere da ke Jos, maƙwabcin Bauchi, reshen wannan gado ne. A 1961 Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps, Kanada ta kafa CUSO a shekarar, kuma rukunin farko na matasan Amurka ya iso Najeriya a zamanin gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa yake cikin birnin Bauchi. Ba su daɗe da sauka ba aka yi rikici. A watan Oktoba wata budurwa cikinsu, Margery Michelmore, ta rubuta kati zuwa gida tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani a Ibadan. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, suka kwafe shi suka baza, aka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. Darasin bai tsufa ba. Hoton da baƙo yake ɗauka yau da wayarsa a tsakar gidan mutane ya ɗora a Instagram, ɗan uwan wancan kati ne, sai dai shi miliyoyi ne suke gani.

Duk da haka zalunci ne a ce zuwan nasu bai amfana ba. Dattawa da yawa da suka yi sakandare a Arewa a shekarun 1960 da 1970 a hannun irin waɗannan malamai suka koyi lissafi da kimiyya. Abin lura shi ne waɗancan shekara biyu suke yi, suna zaune a gidan malamai, suna ƙarƙashin shugaban makaranta, wasunsu har Hausa ta zauna a bakinsu.

Babbar shaidar Bauchi kan wannan batu tana nan da ranta. A watan Nuwamban 1987 aka kafa cibiyar da kowa ya sani da DEC, sakamakon wani binciken haɗin gwiwa tsakanin CUSO ta Kanada da hukumar yaƙi da jahilci ta Jihar Bauchi. Binciken ya nuna abin da matan karkara suka daɗe da sani: suna noma, suna sana'a, suna riƙe gida, amma ba su da karatu, ba su da jari, ba su da murya. Cibiyar ta fara ne a matsayin dandalin da ƙungiyoyin mata suke musayar bayani da dabaru. Da tafiya ta yi tafiya ta shiga ba da ƙananan rance ga mata a ƙungiyance, ta buɗe rassa a jihohi da dama na Arewa, hedkwatarta kuma har yau tana Bauchi, 'yan ƙasa ne suke tafiyar da ita. Mutanen Kanada da suka yi wancan bincike sun daɗe da komawa gida, da wuya matar da take karɓar rance a yau ta taɓa jin sunan CUSO. Wannan mantuwa ita ce alamar aikin ya yi kyau. Sun zo ta ƙofar hukumar da take da alhakin abin, sun fara da tambaya kafin su kawo shawara, sannan suka bar wani abu da zai iya tsayawa da ƙafarsa kusan shekara arba'in.

Labarin Maraɗi ma haka yake. A 1991 wata 'yar Norwe mai suna Moira Eknes, tana aiki da ƙungiyar CARE a Maraɗi ta Nijar, ta lura matan karkara suna da adashi, ta zauna da su aka gyara masa fasali: zubi kowane mako, akwati mai kwaɗo, rance daga cikin abin da aka tara, rabo a ƙarshen zango. Matan suka zama Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu ko dala daga waje a matsayin jari ba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya, kuma yawancin ƙungiyoyin ajiya da rance na ƙauye da ake gani yau a Jihar Bauchi jikokinsa ne. Wato abin da duniya take koyarwa yanzu a tarurruka, daga hannun matan Hausawa ya fito.

Haka batun sayar da fitila gida-gida. Masu rubuta rahoto a ƙasashen waje suna ɗaukarsa sabuwar fasaha, alhali ƙasar Hausa ta san dillaliya tun kaka da kakanni. Ita ce mai shiga gidan da aka rubuta ba a shiga, ta kwance ƙullinta a tsakar gida, ta san wadda za ta aurar da 'ya bana, ta san wadda mijinta ya sayar da masara, ta san wadda in an ba ta bashi za ta biya da wadda sai an yi ta sintiri. Namiji ɗan kamfani, balle baƙon da bai iya gaisuwa ba, a zaure zai tsaya. Saboda haka idan kamfani ya ce mata ne ginshiƙin cinikinsa a Arewa, ba alfarma yake yi musu ba, hanyar kasuwar ke nan. Mace a Zungur ba ta buƙatar wanda zai koya mata yadda ake ciniki. Wadda ta iya juya kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta ciyar da 'ya'ya shida, ta yi zubin adashi, ta yi gudummawar biki, ta wuce darasin da matashi mai shekara ashirin zai karanta mata daga allo.

Abin da yake karya ta daban ne, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau. Na farko jari. Fitila da faranti da batir yawancinsu daga Sin ake shigo da su, da dala. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Matar da ta sayar da fitilu goma ta koma saro sai ta tarar kuɗin hannunta, uwa da riba, ba zai sayi goman ba. Gaskiya ne cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa janareto ya gagari mutane da yawa, aka koma neman sola, amma tsadar da ta kora su wurin sola ita ce ta rage abin da za su iya kashewa. Manomi kuma kuɗinsa na kaka ne. Wanda zai sayi fitila a watan Nuwamba hannu sake, a watan Yuli abincin gidan yake tunani. Duk tsarin biya kaɗan-kaɗan da aka tsara shi kan albashin wata-wata zai sha wahala a ƙauyen da kuɗi yake zuwa sau ɗaya a shekara.

Akwai kuma batun ruwa. Mata da yawa, da mazajensu, ba za su karɓi rancen da aka ɗora wa kuɗin ruwa ba, kuma ba taurin kai ba ne, addini ne. Mafita tana nan a fili: a sayar da kayan a kan farashin da aka yanke tun farko, a biya a hankali, kamar yadda bankin Jaiz yake yi tun da ya fara aiki a 2012. Baƙon da ya zo da tsarin rance daga littafi bai san da wannan ba, zai yi ta mamakin dalilin da ya sa taro ya cika ranar bayani amma ba wadda ta dawo ranar sa hannu.

Sai jabun kaya, wanda a ganin mai wannan sharhi shi ne babban maƙiyin sana'ar. Kasuwannin Wunti da Muda Lawal na Bauchi, kamar sauran kasuwannin ƙasar nan, suna da nagari suna da na banza, kuma ido ba ya bambancewa. Fitilar da aka rubuta mata ƙarfin da ba ta da shi, batirin da zai mutu kafin damina ta fita, su ne masu araha. Akwai ma'aunin inganci na duniya, wanda shirin Lighting Global na Bankin Duniya ya assasa, yanzu kuma VeraSol take kula da shi, amma matar da take saye a ƙauye ba ta da hanyar dubawa. Dillaliya da mutuncinta take ciniki. In ta sayar wa surukarta fitilar da ta mutu bayan wata biyu, ba kuɗi kaɗai ta rasa ba, kunya ta hana ta sake shiga gidan da jaka. Ko kaya mai kyau ma wata rana zai buƙaci gyara, kuma in mai gyaran yana Legas ko Kano, takardar garanti ba ta da wani amfani ga wanda kuɗin motar zuwa Bauchi ya kusa kuɗin fitilar.

A nan ne tunanin Barefoot College ta Tilonia a Indiya ya cancanci yabo. Bunker Roy, wanda ya kafa ta a 1972, ya lura in ka koya wa saurayi gyaran sola sai ya ɗauki takardar shaidarsa ya tafi birni. Sai makarantar ta koma ɗaukar iyaye mata da kakanni daga ƙauyukan Afirka da wasu wurare, waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, a koya musu haɗa fitila da gyaran na'ura cikin wata shida ta hanyar launi da nuni da hannu, gwamnatin Indiya tana ɗaukar nauyi. Suna komawa garuruwansu su zauna. A wannan tsari matar ƙauye ce take ƙetare teku, ilimin kuma ya dawo tare da ita.

Murhu ya fi fitila wuyar sha'ani, domin ya shafi abinci. A ƙarshen 2014 gwamnatin tarayya ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayen murhu 750,000 a raba wa matan karkara. Shirin ya ƙare cikin taƙaddama da zuwa kotu, yawancin matan da aka yi abin da sunansu ba su ga komai ba. A Kaduna kuwa ƙungiyar DARE, tare da abokan hulɗarta na Jamus, ta daɗe tana haɗawa da sayar da murhun Save80, wanda masu shi suke cewa yana rage cin itace da kashi 80 cikin ɗari, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa shirin rajista a 2009 cikin ayyukan rage hayaƙi. Amma kowane murhu sai ya ci jarrabawar tsakar gida. Zai ɗauki tukunyar gidan da ake ɗora wa mutum goma sha biyar sanwa? Zai tsaya daram in ana tuƙin tuwo da muciya? Wake zai nuna a kansa ba tare da an yi ta tsaga itace ƙanana ba? In amsar a'a ce, za a jingine shi bayan ɗaki a koma kan duwatsu uku. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa a 2024, gwamnatin Bauchi kuma ta sha sanar da hana sare itatuwa don yin gawayi, amma buhunan gawayin da ake gani a bakin hanyoyin shiga birni suna nuna doka ba ta hana abin da mutane ba su da madadinsa.

Inda murhu ya fi saurin karɓuwa shi ne wurin mai sana'a, saboda ita tana lissafin itace da kuɗi kowace rana. Shirin da ƙungiyar MEDA ta fara a Jihar Bauchi a 2017 da tallafin gwamnatin Kanada ya kama wannan hanya: ya yi aiki da mata masu sarrafa shinkafa da gyaɗa da waken suya, ya haɗa su da ƙungiyoyin ajiya da masu sayar da kayan aiki masu sauƙaƙa wahala. Mai turara shinkafa da ta ga itacen da take saye ya ragu ba ta buƙatar a yi mata wa'azin sauyin yanayi. Haka mai markaɗe, mai ɗinki, mai cajin waya, mai firiza. Fitila tana rage kashe kuɗi, amma na'urar da take aiki da rana tana kawo kuɗi, kuma ita ce take iya biyan bashin kanta.

To ina gurbin baƙo a cikin wannan duka? Da farko sai a faɗi gaskiyar da take ƙasa: zuwansa Bauchi ya yi wuya. Tun da 'yan Ansaru suka sace ma'aikatan kamfanin gine-gine bakwai 'yan ƙasashen waje a Jama'are a watan Fabrairun 2013, daga baya suka kashe su, gwamnatocin Yamma suke gargaɗin mutanensu kan jihar, kamfanonin inshora kuma suna bin wannan gargaɗi. Peace Corps ta bar Najeriya tun 1995, ta dakatar da aikinta a Nijar a Janairun 2011. Shirin ICS na Birtaniya, wanda yake haɗa matasanta da takwarorinsu 'yan ƙasa na wata uku, har da Najeriya, ya tsaya a 2020. Mutumin Bauchi da yake zaune lafiya a garinsa yana da hujjar jin zafin yadda ake yi wa jiha guda kuɗin goro, amma haka lamarin yake, kuma duk wanda ya gina shirinsa kan jiran Bature zai daɗe yana jira.

Ko da hanya a buɗe take, ba kowane baƙo ne yake da amfani ba. Wanda ya zo na mako biyu, sai an nema masa masauki, mota, tafinta da mai gadi. Ma'aikaciyar da ya kamata tana ƙauye wurin karɓar biya ta koma rakiya. Kuɗin jirginsa kaɗai zai zama jarin mata da dama. Wanda yake da amfani shi ne mai sana'a takamaimai da aka rasa a gida ko ta yi tsada: injiniyan da zai koyar da gwajin batir, akawun da zai tsara littafin kamfani yadda masu zuba jari za su yarda da shi, wanda ya san yadda ake ciniki da masana'anta a Sin, wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda aka ce zai kai wuta ga 'yan Najeriya miliyan 17.5 ta hannun kamfanoni masu zaman kansu. Manyan kamfanonin Legas da Abuja suna da lauyoyi da akawu da za su cika sharuɗɗa. Ƙaramin kamfanin da wata mace take riƙe da shi a Bauchi ba shi da su. Yawancin irin wannan taimako ta intanet ma ana iya yin sa, kamar yadda shirin masu sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana yi, ba sai an hau jirgi ba.

Sharaɗin shi ne ragamar ta kasance a hannun 'yar gida. Arewa tana da irinsu. Habiba Ali ta Kaduna, wadda ta kafa kamfanin Sosai, ta fito da shirin Matan Arewan Sosai don mata su riƙa sayar da kayan sola da murhu a garuruwansu, ta kuma kai ƙananan tashoshin wuta da na'urar busar da amfanin gona ƙauyukan Kaduna. Mace irin wannan ta san lokacin da ake zuwa wurin mai gari, ta san sai an zauna da maigida kafin matarsa ta fita taro, ta san ranar kasuwa ba ranar horo ba ce. Baƙon da ya zo ya yi aiki a ƙarƙashinta zai koyi abu, zai kuma bar abu. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika tunawa ba: 'yan Najeriya ma suna fita aikin sa kai. Tun 1987 hukumar TAC, wadda aka kafa lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, take tura malamai da likitoci da injiniyoyi na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik. Tarayyar Afirka ma ta ƙaddamar da rundunar matasanta masu sa kai a Abuja a 2010. Budurwar Bauchi da ta karanta injiniyan lantarki, in ta samu shekara guda a wani kamfanin sola na Kenya, inda biya ta waya ya daɗe da kankama, abin da za ta dawo da shi ya fi na baƙi goma. Sai dai ƙofar ba ɗaya ba ce: matashin Landan yakan samu biza cikin sauƙi, ita kuwa sai ta kawo takardar banki da shaidar za ta dawo. Duk kamfanin da yake karɓar baƙi da sunan musayar ilimi amma bai taɓa tura ma'aikaciyarsa 'yar ƙasa ko'ina ba, akwai gyara a lissafinsa.

Mafi kusa kuma su ne masu sa kan da suke cikin jihar. A 2021 aka ƙaddamar da tashar sola mai ƙarfin megawat 1.12 a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara, kuma shirin ya tanadi horar da ɗalibai mata 20 a kowace jami'ar da ta amfana. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji da ta Tatari Ali suna yaye masu ilimin lantarki kowace shekara. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Wailo yana karɓar matasa rukuni-rukuni, kowannensu da ranar aikin raya al'umma a mako. Waɗannan ba sa buƙatar biza ko tafinta, wasunsu ma 'ya'yan ƙauyukan ne. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa su da ƙungiyoyin matan da DEC da takwarorinta irin su Rahama da FOMWAN suka riga suka sani, ya ba su kayan gwaji da kuɗin mota. Al'ummar da ta san aikin gayya ba sai an shigo mata da sa kai daga waje ba.

Malam Sa'adu Zungur, wanda sunan wannan ƙasa yake manne da nasa, yana cikin waɗanda suka kafa dandalin muhawara na Bauchi a 1943, tare da irin su Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda ake zaunar da masu iko a yi musu tambayoyin da ba su saba ji ba. Ya kuma koyar a fannin tsafta da lafiyar jama'a a Zariya, don haka hayaƙin madafa ba zai zame masa ƙaramin batu ba. Wannan ɗabi'a ta tambaya ce ya kamata hakimi da dagatai da shugabannin mata na Zungur su riƙe duk ranar da mota ta tsaya da baƙi da kwalaye.

Ku karɓe su hannu biyu, ku ba su ruwa, sannan kafin kowace mace ta dangwala yatsa a takarda ku tambaya wa zai gyara kayan in sun lalace, kuma a wane gari yake zaune. Ku tambayi nawa ne rabon mai sayarwa a kan kowace fitila, ko biyan zai jira kaka, ko akwai ruwa a ciki. Ku nemi a faɗa muku sunan 'yar garin da za a koya wa aikin, da ranar da za a miƙa mata makullin shagon. Kamfanin da ya zo da gaskiya zai amsa waɗannan a gaban jama'a, a rubuce, da Hausa.